Hugo Gernsback: Ɗan Tiredan Da Ya Zama Uban Mujallun Fasaha

Gabatarwa

In ana zancen aikin jarida, abin da kan fara faɗo wa mutum a rai shi ne jaridar labarai, irin wadda malami da ɗan kasuwa da ma'aikacin gwamnati duk za su saya, kowa ya tsinci abin da ya dame shi a ciki. Irin wannan ce Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a Zariya cikin 1939. Amma akwai wani reshe na wannan sana'a wanda ba a cika kula da shi ba, watau mujallar da ba ta neman kowa da kowa, sai masu sana'a ɗaya ko masu sha'awar abu ɗaya, kamar ta makanikai ko ta masu kiwon kaji ko ta masu gyaran rediyo. Wanda ba ya cikin sana'ar in ya buɗe ta sai ya ga kamar da wani baƙon harshe aka rubuta ta. Wanda ke ciki kuwa, ya gwammace ya kwana da yunwa da a ce fitowar wata ɗaya ta wuce shi.

Abin da mai buga irin wannan mujalla ke nema shi ne jama'ar da ta dace, ko da ba ta da yawa. Domin kuwa in ya tara masu gyaran rediyo na ƙasa duka a wuri ɗaya, tilas mai sayar da kayan rediyo ya zo ya biya shi kuɗin talla, tun da babu wata kasuwa da zai sami masu sayen hajarsa a tattare kamar nan. Kamfanoni da dama a Amurka da Ingila sun yi arziki ta wannan hanya, wasunsu kuma daga baya suka tashi daga takarda suka koma shafukan intanet. Ɗaya daga cikin waɗanda suka share wannan fage shi ne Hugo Gernsback. A yau an fi tunawa da shi ta wajen ƙagaggun labaran kimiyya, amma abin da ya ci ya sha da shi daga 1908 har ranar mutuwarsa a 1967 shi ne mujallun lantarki da rediyo.

Asalinsa da Ƙaurarsa

An haife shi ran 16 ga watan Agusta, 1884, a Luksamburg, wata 'yar ƙaramar ƙasa da ke maƙale tsakanin Jamus da Faransa da Beljiyam. Sunan gidansu Gernsbacher, shi ne ya gajarta shi bayan ya je Amurka. Mahaifinsa, Moritz, Bayahude ne, dillalin giyar inabi, mai rufin asiri. Saboda haka yaron ya tashi ba tare da sanin wahala ba, yana jin Jamusanci da Faransanci, kuma tun yana ƙarami ya ƙwallafa ransa a kan waya da batir da ƙararrawar lantarki. Da ya tasa aka kai shi makarantar koyon fasaha ta garin Bingen a bakin kogin Rhine cikin Jamus, inda ya karanta aikin lantarki.

Mahaifin ya rasu a 1903. Shekara na zagayowa, cikin 1904, Hugo ya shiga jirgin ruwa ya nufi New York yana da shekara 19, ba shi da wani jari na kirki sai zanen wani sabon batir da ya ƙirƙira, wanda yake tsammanin shi ne zai buɗe masa ƙofar arziki. Batirin yana da ƙarfi, sai dai ƙera shi na da tsada, don haka bai karɓu ba. Ashe abincinsa na wani wuri dabam. A yayin da yake gwaje-gwajensa ya lura cewa ƙananan kayayyakin da mai gwaji ke bukata, waɗanda a Jamus da Faransa ana samunsu a kanti, a Amurka sai an sha wuya. Nan take ya gane cewa in shi yana nema bai samu ba, to, akwai wasu dubbai irinsa. Sai ya kafa kamfanin Electro Importing Company, yana shigo da kayan daga Turai, yana sayar wa mutane ta gidan waya.

Zamanin kuwa zamanin wayar iska ne. Shekaru kaɗan ke nan da Marconi ya nuna cewa ana iya aika saƙo ba tare da zaren waya ba, kuma jama'a na ganin abin kamar sihiri, sai manyan kamfanoni da jiragen ruwa da sojoji ke iya mallakarsa. A ƙarshen 1905 Gernsback ya ba da talla a mujallar Scientific American cewa yana sayar da cikakkiyar na'urar wayar iska mai suna Telimco, da ta aikawa da ta karɓa da batiranta, a kan dala 8 da rabi, kuma tana kai saƙo har nisan mil ɗaya. Ba ta ɗaukar murya, sai alamun tangaraho. Shi da kansa ya sha ba da labarin cewa wasu sun kai ƙararsa a kan damfara, har aka turo ɗan sanda ya zo ya gani da idonsa, domin ba a yarda cewa abu mai arha haka zai yi aiki ba.

Daga Kundin Farashi zuwa Mujalla

A nan ne sana'arsa ta gaskiya ta samo asali, kuma ya kamata a tsaya a kanta. Mai sayar da kaya ta gidan waya ba shi da kanti da mai saye zai shiga ya taɓa ya tambaya. Kundin jerin kaya da farashinsu shi ne kantinsa. To, amma kayan Gernsback ba irin waɗanda kowa ya san amfaninsu ba ne. Yaron da ke wani ƙauye a tsakiyar Amurka ba zai aiko da kuɗin abin da bai san yadda ake haɗa shi ba. Don haka tilas ta sa ya riƙa cika kundin da bayani, yadda ake naɗa waya, yadda ake ɗaga sandar karɓar saƙo, abin da ke sa tartsatsi ya yi tafiya cikin iska. Sannu a hankali bayani ya fi jerin kaya daraja a idon masu karɓa. Da ya ga haka sai ya ware bayanin ya mai da shi abin sayarwa. A watan Afrilu na 1908 ya fitar da Modern Electrics, watau lantarkin zamani, a kan senti 10, wadda ake lissafawa a matsayin mujalla ta farko da ta ba da ƙarfinta ga wayar iska.

Ba shi ne ya fara buga mujallar lantarki ba, akwai na injiniyoyi da manyan kamfanoni kafinsa. Abin da ya zo da shi sabo shi ne mutanen da ya rubuta dominsu: 'yan makaranta, akawuna, yaran kanti, duk wanda ke kwana a ɗakin ajiya yana harhaɗa wayoyi don sha'awa kawai. Ya yi musu magana da harshen da za su fahimta, ya buga hotunansu tare da na'urorin da suka ƙera, ya ba da kyauta ga wanda ya fi gwaninta, ya amsa tambayoyinsu. Mai karatu shi ne mai saye, shi ne kuma sau da yawa mai rubutu. Mujalla na koya masa ya so abu, shafin talla na nuna masa inda zai saya, kantin kuwa na mai mujallar ne. Abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki.

A farkon 1909 ya kafa ƙungiyar masu sha'awar wayar iska ta Amurka, wadda bisa ga lissafinta ta tara mambobi 10,000 cikin shekara guda. A wannan shekara ce kuma ya buga wani ɗan littafi mai ɗauke da jerin tashoshi da alamun kiransu, domin wanda ya ji wata alama cikin dare ya san ko wane ne ke bugawa. Mutanen da a da kowa ke zaton shi kaɗai ne mai wannan hauka sai ga shi sun san juna. Wannan jerin sunaye da adireshi, wanda ba a ganinsa a bangon mujalla, shi ne ainihin jarin Gernsback, kuma za a ga yadda ya cece shi ranar da kome ya kuɓuce masa.

Da jirgin Titanic ya nutse a watan Afrilu na 1912, aka yi ta zargin cewa 'yan sha'awa na cika iska da hayaniya suna hana saƙonnin ceto wucewa. Gernsback ya tsaya musu da alƙalaminsa. Dokar da majalisar Amurka ta yi a wannan shekara ba ta hana su ba, sai dai ta wajabta musu lasisi, ta kuma tura su zangon mita 200 zuwa ƙasa, wanda a lokacin ake ganin ba shi da wani amfani. Daga baya a wannan yanki da aka raina ne 'yan sha'awar suka nuna cewa gajeren zango na iya tsallake teku.

A 1913 ya rabu da Modern Electrics, ya fara wata mai suna The Electrical Experimenter. A 1915 shi da ɗan'uwansa Sidney suka kafa kamfanin ɗab'i na Experimenter. A cikin wannan mujalla ce shahararren mai ƙirƙira Nikola Tesla ya ba da tarihin rayuwarsa kashi-kashi a 1919. Da Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Ɗaya a 1917 gwamnati ta rufe tashoshin 'yan sha'awa gaba ɗaya. Ana fara sassauta dokar, a watan Yuli na 1919, sai ga Gernsback da Radio Amateur News, wadda bayan shekara guda ta koma Radio News. Lokacin ya dace ƙwarai. A watan Nuwamba na 1920 tashar KDKA ta Pittsburgh ta soma watsa shirye-shirye ga jama'a, kan a ce haka kowane gida na neman akwatin rediyo, da yawa kuma da hannunsu suke haɗawa. Radio News ta cika da talla har ta yi kauri, ta zama saniyar tatsar kamfanin.

Ƙagaggun Labaran Kimiyya

Tun yana yaro Gernsback ke karanta littattafan Jules Verne, kuma a ganinsa labari hanya ce ta koyar da kimiyya ga wanda ba zai iya zama da littafin makaranta ba, kamar yadda akan sa magani cikin zuma. Daga Afrilu 1911 zuwa Maris 1912 ya buga wani labari nasa kashi 12 a Modern Electrics, mai suna Ralph 124C 41+. Labarin wani masani ne a shekara ta 2660, wanda ya ceci wata yarinya, aka sace ta zuwa sararin samaniya, ya bi sawu. In don zaƙin labari ne, babu shi. Mutanen ciki kamar gumaka suke, ana tsai da su kowane shafi a yi wa mai karatu lacca a kan wata na'ura. Amma na'urorin su ne abin mamaki: wayar da ake ganin mai magana, wutar lantarki daga hasken rana, da wata hanyar gano abu daga nesa ta hanyar aika igiyar rediyo ta bugi abin ta dawo, har da zane, fiye da shekara 20 kafin a ƙera na'urar rada.

A watan Agusta na 1923 ya keɓe fitowa guda ta mujallarsa Science and Invention ga irin waɗannan labarai, don ya gwada ruwa. Sa'an nan a watan Afrilu na 1926 ya fitar da Amazing Stories, watau labarai masu ban al'ajabi, a kan senti 25, mujalla ta farko da ba ta ɗauke da kome sai ƙagaggun labaran kimiyya. Dukkan labaran fitowar farko tsofaffi ne, cikinsu har da na Verne da H. G. Wells da Edgar Allan Poe. Da tsohuwar zuma ya yi magani. Mai zanen bangon, Frank R. Paul, wanda asalinsa ɗan Austiriya ne kuma ya koyi zanen gine-gine, ya riƙa cika shi da launi mai kashe ido da manyan injina, ta yadda mai wucewa ba zai iya ƙin waiwayowa ba. Cikin 'yan watanni aka ce ana sayar da kwafi wajen 100,000.

Irin waɗannan labarai sun girme shi. Abin da ya yi shi ne ya ware su, ya raɗa musu suna, ya gina musu rumfa ta kansu a kasuwa. Daga wannan rumfa salon ya bazu cikin harsuna da yawa, kuma adabin Hausa ma bai rasa rabonsa ba, tun da ga Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo da aka buga a 1969.

Sai kuma ya maimaita dabarar da ya yi da 'yan wayar iska. Daga farkon 1927 ya buɗe filin wasiƙun masu karatu, yana buga kowace wasiƙa da cikakken adireshin mai ita. Masu karatu suka fara rubuta wa juna kai tsaye, suka kafa ƙungiyoyi, suka fara buga 'yan mujallunsu na hannu. A 1934 ya kafa musu ƙungiya mai rassa a garuruwa, kuma a 1939 aka yi babban taronsu na duniya na farko a New York. Da yawa daga cikin manyan marubutan wannan fanni na baya daga cikin yaran nan masu aiko da wasiƙa suka fito.

Rowa da Karayar Arziki

Duk da wannan basira, akwai wani aibi da ya bi Gernsback har kabari, kuma tarihinsa ba zai cika ba in an ɓoye shi. Mutum ne mai son ado, mai sa tufafi masu tsada, mai cin abinci a manyan wurare, amma in an zo biyan marubuci sai hannunsa ya ƙage. A lokacin da sauran mujallun labarai ke biyan kamar senti ɗaya a kan kowace kalma, shi rabin haka yake biya ko ƙasa da haka, ba ya kuma biya sai bayan an buga, wani lokaci ma sai an yi ta bin sawu. H. P. Lovecraft, wanda a yau ake lissafa shi cikin manyan marubutan labaran ban tsoro, ya ba shi ɗaya daga cikin mafi kyawun labaransa a 1927, aka biya shi dala 25 kacal, bayan jira. Bai sake aika masa da kome ba, kuma a wasiƙunsa ya laƙaba masa sunan ɓera. Wani saurayi, Donald Wollheim, da aka buga labarinsa na farko a 1934 aka hana shi dala 10 da aka yi masa alkawari, sai da ya nemo wasu da aka yi wa irin wannan suka haɗa kai suka ɗauki lauya kafin a biya su. Abin takaici ne a ce mutumin da ya fi kowa sanin darajar mai karatu ya kasa ganin darajar wanda ke rubuta abin da ake karantawa.

Ba marubuta kaɗai yake ja wa rai ba, har masu ɗab'i da masu sayar da takarda. Ga shi kuma ya ɗauko wani kaya mai nauyi. A watan Yuni na 1925 ya buɗe gidan rediyonsa, WRNY, a otal ɗin Roosevelt da ke New York, kuma a watan Agusta na 1928 ya fara gwajin watsa hoton talabijin daga can. Hoton layi 48 ne, faɗinsa bai wuce inci ɗaya da rabi ba, masu kallonsa kuwa su ne 'yan tsirarun da suka haɗa akwatin da kansu bisa ga zanen da mujallunsa suka buga. Abin a yaba ne ta wajen hangen nesa, amma rami ne mai cin kuɗi, kuma kuɗin da ya kamata a biya bashi da su can suke tafiya.

Bashi hanji ne, yana cikin kowa, sai dai dokar Amurka ta lokacin ta ba masu bin bashi uku damar haɗuwa su nemi kotu ta ayyana kamfani a matsayin karyayye. Ran 20 ga Fabrairu, 1929, aka shigar da irin wannan ƙara a kan kamfanin Experimenter, manyan masu bin bashin kuwa su ne maɗaba'ar da ke buga masa da kamfanin da ke ba shi takarda. Kotu ta damƙa riƙon dukiyar ga bankin Irving Trust, aka fitar da Hugo da Sidney. An daɗe ana raɗe-raɗin cewa wani babban mai buga mujallu, Bernarr Macfadden, wanda ya so sayen Amazing Stories aka hana shi, shi ne ya kitsa abin, amma ba a taɓa tabbatar da haka ba. Ko da hannun wani ko babu, ƙofar da aka shiga ta ita shi ya bar ta a buɗe. Yana da shekara 44 ya wayi gari ba Radio News, ba Science and Invention, ba Amazing Stories, ba gidan rediyo.

Abin da ya biyo baya shi ne mafi ban mamaki a rayuwarsa. Cikin 'yan makonni wasiƙu suka fara isa gidajen masu karatu, ana sanar da su cewa Gernsback zai fitar da sababbin mujallu, ana neman su aiko da kuɗin shekara tun kafin a buga, har ana ba su zaɓin sunan da za a sa. Ina ya sami adireshinsu? Jerin masu biyan kuɗin shekara na tsohon kamfani ya riga ya zama dukiyar da ke hannun banki, kuma Gernsback ya yi rantsuwa cewa bai taɓa shi ba, amma galibin masu binciken tarihin wannan fanni sun tafi a kan cewa da shi ya yi aiki. Ko ta yaya ne, jama'a suka amsa, kuɗi suka shigo. A watan Yuni na 1929 Science Wonder Stories ta fito, a watan Yuli kuma Air Wonder Stories da Radio-Craft. Wata huɗu ke nan da korarsa. Kotu ta ƙwace sunayen mujallu da tebura da kujeru, masu karatu kuwa suka bi mutumin da suka sani.

Sai dai a fagen labarai rowarsa ta kama shi. A watan Janairu na 1930 wani kamfani ya fitar da Astounding Stories, yana biyan senti 2 a kan kalma, nan take da an karɓi labari. Marubuta na kirki suka kwashe can. Mujallun labaran Gernsback, waɗanda ya haɗe suka zama Wonder Stories, suka yi ta jan ƙafa har ya sayar a 1936. Ya sake gwadawa a 1953 da Science-Fiction Plus, ta mutu bayan fitowa 7, domin zamani ya wuce irin labarin da yake so.

Radio-Craft ce ta riƙe gidan. Ya nufe ta da masu gyaran rediyo, waɗanda sana'arsu ta bunƙasa a shekarun matsin tattalin arziki, sa'ad da gyaran tsohon akwati ya fi sayen sabo sauƙi. Ya haɗa musu da manyan littattafai masu ɗauke da zanen cikin kowane irin rediyo, abin da mai gyara ba ya iya aiki sai da shi. A 1948 ta koma Radio-Electronics. Ya kuma buga wata ta masu gajeren zango daga 1930, da wata mai suna Sexology daga 1933, wadda ke bayanin sha'anin aure da lafiyar jiki a likitance, ta kuwa kawo riba mai yawa. Yana da barkwanci irin nasa: a fitowar watan Afrilu yakan rubuta bayanin wata na'urar ƙarya da sunan aro, da zane da kome, har wasu masu karatu su aiko suna neman saye.

Ƙarshen Rayuwarsa da Makomar Mujallunsa

Ya yi aure sau uku, a 1906 da 1921 da 1951. Ya mallaki takardun shaidar ƙirƙira wajen 80, ko da yake babu wadda ta yi tasirin mujallunsa. Cikinsu akwai na'urar da ke sa kurma ya ji sauti ta haƙoransa. A 1925 ya nuna wata hular kwano mai rufe kai duka, da tulun iskar shaƙa, wai don marubuci ya tsira daga hayaniya. A 1963 mujallar Life ta buga hotonsa, tsoho mai shekara 78, sanye da wani tabarau mai ƙahonni biyu da ya ce talabijin ce ta sawa a ido. Mutane suka yi dariya, ga shi kuwa an zo an ƙera irinsa.

Yaran da ya tara ta filin wasiƙu ba su manta da shi ba. A 1952 suka gayyace shi babban baƙo a taronsu na Chicago, kuma lambar yabon da suka fara bayarwa a 1953 ga gwanayen marubuta da sunansa ake kiranta, watau Hugo. Marubutan da ya hana haƙƙinsu sai ga magadansu na alfahari da kyauta mai sunansa. Ƙasar haihuwarsa ta ba shi lambar girma a 1954. Ya mutu a asibitin Roosevelt na New York ran 19 ga Agusta, 1967, kwana uku bayan ya cika shekara 83, ya kuma bar wasiyya a ba makarantar likitoci ta Jami'ar Cornell gawarsa don koyarwa.

Mujallun da aka ƙwace masa a 1929 sun yi ta sauya hannu, har a 1938 Radio News da Amazing Stories suka faɗa hannun kamfanin Ziff-Davis, wanda William Ziff da Bernard Davis suka kafa a Chicago a 1927 da wata mujallar masu sha'awar jirgin sama. Wannan kamfani ya ɗauki hanyar da Gernsback ya bi ya faɗaɗa ta, da mujallar masu mota, da ta masu ɗaukar hoto, da ta masu jirgin ruwa. Radio News ta sauya suna ta zama Electronics World a 1959, sa'an nan aka narkar da ita cikin Popular Electronics a 1972. Shi kuwa kamfanin Gernsback, ɗansa Harvey ya ci gaba da riƙonsa. Ta haka gidaje biyu masu tushe ɗaya suka zama kishiyoyi. A watan Yuli na 1974 Radio-Electronics ta buga yadda mutum zai haɗa 'yar kwamfuta mai suna Mark-8 a gidansa. Popular Electronics ta mayar da martani a watan Janairu na 1975 da hoton Altair 8800 a bangonta, wadda ake saye ta gidan waya a haɗa da hannu, daidai yadda aka sayi Telimco shekara 70 da suka gabata. Wannan fitowa ce Paul Allen ya gani ya kai wa abokinsa Bill Gates, suka rubuta wa na'urar manhaja, suka kafa Microsoft a wannan shekara.

Ziff-Davis ya bi kwamfuta. Ya sayi PC Magazine a 1982, ya sayar da mafi yawan tsofaffin mujallunsa na sha'awa a 1984, ya fara kai abin da yake bugawa ga masu kwamfuta ta waya tun farkon shekarun 1990, har a watan Janairu na 2009 PC Magazine ta fito a takarda karo na ƙarshe ta koma intanet ɗungum. Gidan Gernsback bai tsallake wannan kogi ba. Masu karatunsa suka tsufa, kayan lantarki suka zama na yarwa in sun lalace, bayanin da a da ake jira wata guda kafin a samu ya zama kyauta a intanet, masu talla suka bi jama'a can. Radio-Electronics ta koma Electronics Now a 1992, aka haɗe ta da wata 'yar'uwarta a shekara ta 2000 da sunan Poptronics. Fitowar Janairu 2003 ita ce ta ƙarshe, kusan shekara 95 bayan Modern Electrics ta farko.